Kwali, Faifai da Waya: Tarihin Kuɗi da Kasuwa a Fim ɗin Hausa

A ƙarshen shekarun 1990, idan furodusa ya kammala fim a Kano, maɗaba'a yake fara nufa. Can zai sa a buga masa kwalin kaset, ɗaruruwa ko dubbai gwargwadon ƙarfin aljihunsa, hoton jarumi da jaruma a gaba, sunan kamfani a ƙasa. Sai ya ƙulle su ɗauri-ɗauri, ya haɗa da uwar kaset guda, ya yi kasuwar Ƙofar Wambai ko shagunan Bata. Ɗan kasuwa zai karɓi uwar kaset ɗin bai biya ko sisi a kanta ba. Kwalin yake saye, kowane ɗaya a kan kimanin naira 50, kuma sau da yawa bashi ne, sai kaya sun fita a biya. Kaset ɗin da za a naɗi fim a kai nasa ne. Injinan bidiyon da aka jera aka sarƙafe da waya, ɗaya na juyawa sauran na kwafa, nasa ne. Yaran da ke kwana suna cire kaset suna saka wani su ma nasa ne.

Wato haƙƙin mallakar fim gaba ɗaya a jikin takarda yake. Kaset ɗin da ke cikin kwali na asali halak ne, wanda ba ya ciki na sata ne. Mai fim ba shi da hanyar sanin kwafi nawa aka juya, sai dai ya ƙirga kwalin da ya bayar, ya cire wanda aka dawo masa da shi. Brian Larkin, masanin nan ɗan jami'ar Columbia da ya zauna a Kano yana bincike, ya bayyana wannan tsari dalla-dalla, ya kuma nuna cewa a kan hanyar da aka daɗe ana safarar kwafin fina-finan Indiya da na Amurka aka shimfiɗa shi. Wanda ya fahimci kwalin nan ya fahimci rabin tarihin Kannywood, masana'antar fim ɗin Hausa, domin tun daga farko har yau mai riƙe da hanyar kai fim ga mai kallo shi ke riƙe da kuɗi, kuma da wuya a ga lokacin da hanyar ta kasance a hannun mai fim.

Kafin bidiyo, kallo iri biyu Arewa ta sani. Akwai majigi, motar gwamnati da ke shiga gari da magariba a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a tsabta da noma da labarin hukuma, kyauta. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don kwaɗaitar da noman auduga, daga wannan gidan ya fito. Akwai kuma sinima ta kuɗi, wadda Kwarori 'yan Labanan suka mallaka. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya ta ci rayuka 331, mutanen gari da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Duk da haka a 1952 aka buɗe Palace a cikin birni, malamai na suka, samari na tururuwa. Masu gidajen nan ne suka shigo da fina-finan Indiya, suka tarar Bahaushe ya karɓe su hannu bibbiyu: auren dole, kishi, biyayya ga iyaye, talaka da mai kuɗi, duk abin da ya sani ne a gida. Har laƙabi aka raɗa wa jarumansu, Dharmendra ya zama sarkin ƙarfi, Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin.

Fim ɗin Hausa na majigin sinima kuwa bai taɓa zama sana'a ba. Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Saddik Ɓalewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, akwai wasu 'yan kaɗan a tsakani. Ayyuka ne masu nauyi da suka dogara da kuɗin hukuma ko tallafi, ga tsadar zaren fim da wankinsa. An kafa Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 1979, amma da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sai wannan hanya ta toshe. Inda wasan Hausa ya rayu shi ne rediyo da talabijin: Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero a Kaduna, Karkuzu a Jos, sai CTV 67 da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano, wadda ta buɗe ƙofa ga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan, Tumbin Giwa, ita ta fitar da Turmin Danya a 1990, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari na cikin jarumai. Shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa, shekara biyu kafin Living in Bondage ya tayar da kasuwar Legas. Jarin ba wani abin a zo a gani ba ne: karo-karon 'yan ƙungiya, kyamarar da ake ɗaukar biki da ita, gidajen 'yan uwa, kayan sawar da kowa ya zo da su daga ɗakinsa. 'Yan kaset da farko ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, tunda Indiya da Cainis suna tafiya. Sai da Gimbiya Fatima, na Tumbin Giwa ɗin dai, ya nuna cewa matan aure da ke cikin gida, waɗanda al'ada ta hana su zuwa sinima, za su aiki yaro ya sayo ko ya karɓo haya, sannan kasuwa ta waiwayo. Matan nan su ne ginshiƙin sana'ar, kuma ba a cika ba su haƙƙinsu ba idan ana ba da wannan tarihi.

Daga nan marubutan littattafan soyayya suka shigo, su da suka riga suka saba da buga littafi da kuɗinsu su kai kasuwa da kansu. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da In Da So Da Ƙauna fim, Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo, aka ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, aka ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Ba banki a cikin lamarin. Kuɗin fim daga ribar littafi yake fitowa, ko gado, ko adashi, ko wani alhaji da aka shawo kansa, ko wata hajiya da ta sayar da gwal. Idan fim ya karɓu a yi na biyu da na uku. Idan ya faɗi, mai kuɗin ya koma shagonsa da takaici, wani sabo ya maye gurbinsa.

Shekarar 1999 ce ta sauya komai. A cikinta Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna. A cikinta Sunusi Shehu ya yi amfani da sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa, shekara uku kafin jaridar New York Times ta yaɗa sunan Nollywood. A cikinta kuma kamfanin Sarauniya ya saki Sangaya, Ali Nuhu da Fati Muhammad, labarin ɗan sarauta da baiwar gida. Ba labarin ne ya rikita kasuwa ba kamar waƙarsa, wadda aka kaɗa da fiyanon Yamaha mai kwaikwayon sautin kayan kiɗan gargajiya. Ta shiga gidan biki, ta shiga motar haya, ta tsallaka iyaka. Wasila na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000 ya ƙara tabbatar da darasin.

'Yan kasuwa suka riƙe darasin da kyau, wataƙila fiye da kima. Waƙa ta zama talla: a saka guntunta a farkon kaset ɗin wani fim, a sayar da kaset ɗin sauraro tun kafin fim ya fito, mai saye ya zo shago yana tambayar fim da sunan waƙarsa. Furodusa kan fara shiga situdiyo a yi waƙoƙi, daga baya a nemi labarin da za a rataya su a kai. Ɗan kasuwa ne ke faɗin fuskar da yake so a kwali, shi ke tsara ranar da fim zai fito don kada manya biyu su yi karo. Masu sukar fim ɗin Hausa da kwaikwayon Indiya sun fi ɗora laifin a kan daraktoci, alhali umarnin daga kanta yake fitowa, daga bakin wanda ya san abin da aka saya jiya. 'Yan fim kuwa kullum kukansu ɗaya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma a yi wa 'yan Ƙofar Wambai adalci. Su suka kai fim ɗin Hausa inda babu wata hukuma da ta kai shi. Dilan kaset ya bi hanyar da dilan atamfa da goro suka daɗe suna bi, bisa amana da bashi, ya sauka Maraɗi da Damagaram da Yamai, ya sauka zangon Kumasi da Nima a Ankara, ya shiga Garwa da Injamena, alhazai da 'yan tikari suka ƙarasa da shi Sudan da Makka. Tun kafin a fara maganar kasuwar duniya a tarukan bita, fim ɗin Hausa ya riga ya zama kayan ƙasashe da yawa, ana biyansa da naira da sefa da sidin Gana. Matsalar ita ce da zarar kaset ɗaya ya tsallaka iyaka, a can za a juya sauran, ba kwali ba lissafi.

Ana cikin wannan cin kasuwa Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000. A ƙarshen shekarar gwamnati ta dakatar da harkar fim, a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai, ƙari a kan ta tarayya da aka kafa tun 1993. Mai fim a Kano ya zama mai biyan kuɗin tacewa sau biyu. Babbar girgizar ta zo a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi. Ba fim ba ne, ba kuma aikin wani kamfani ba, amma masana'antar gaba ɗaya ta biya. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka tsayar da ɗaukar fim na watanni, aka shimfiɗa sababbin sharuɗɗan rajista. An ɗaure Adam A. Zango, an ɗaure Rabilu Musa Ibro. A ƙarshen 2008 aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri a kan batun rajista da fim ɗinsa Tsintsiya, wanda ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wa, ya yi kusan wata uku a tsare kafin kotun sama ta rushe hukuncin. Kamfanoni da dama suka kwashe kyamarorinsu suka koma Kaduna da Jos. Sai dai ko a ina aka ɗauki fim, Kano ake kawo shi a sayar.

A tsakanin nan kaset ya ba faifan sidi wuri, daga baya dibidi. Tsarin ciniki ya sauya: maimakon sayen kwali, ɗan kasuwa ya koma sayen haƙƙin faifai ɗungurungum, ya biya sau ɗaya, riba da asara nasa. Wasu 'yan kasuwar suka ga ba dalilin jiran kowa, suka zama furodusoshi da kansu. Faifai ya fi kaset araha da kyan hoto, ya kuma fi shi sauƙin sata nesa ba kusa ba. Kaset sai an jira fim ya ƙare kafin a sami kwafi, kuma kowane juyi hoto na dusashewa. Faifai kuwa mintuna kaɗan a kwamfuta, na ɗari kamar na farko.

Abin da ya ƙarasa kasuwar bai fi farcen yatsa girma ba: katin memori. A bakin kasuwanni da tashoshin mota samari suka kafa tebur da kwamfuta, mutum ya miƙa wayarsa a tura masa fim biyar ko goma a kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. 'Yan dawunlodin ake ce musu. A daidai lokacin kuma fassarar Indiya-Hausa ta kunno kai, situdiyo irin su Algaita suka riƙa ɗora muryar Hausa mai barkwanci da zaurancen gari a kan fina-finan Indiya, musamman na kudancinta masu faɗa da ƙura. Fim ɗin da aka kashe wa maƙudan kuɗi a Indiya ya zo yana magana da harshen Fagge, yana gasa da wanda aka ɗauka cikin mako guda a gidan aro. Zuwa wajajen 2016 shagunan faifai sun fara komawa sayar da waya da caja. Manyan jarumai suka rungumi talla da waƙar siyasa. Ƙananan ma'aikata, masu riƙe fitila da masu kwalliya da masu dafa abincin lokeshan, su suka fi jin jiki, kuma ba wanda ya rubuta sunayensu.

Hukuma fa? Gwamnatin Goodluck Jonathan ta sanar da asusun rancen dala miliyan 200 ga masana'antar nishaɗi a 2010, sannan tallafin naira biliyan 3 a 2013. Wasu 'yan Kannywood sun sami horo da ɗan abin da ba a rasa ba, amma sharuɗɗan banki, jingina da takardun kamfani da kuɗin ruwa, ba su dace da sana'ar da ta tashi a kan amana ba. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta shirya gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka hau mumbari, kafafen sada zumunta suka ɗauki zafi, cikin ɗan lokaci aka janye. Ko da an gina shi, wurin ɗaukar fim zai samar, alhali ciwon yana wajen sayarwa.

An gwada komawa sinima. Filmhouse ta buɗe reshe a rukunin shagunan Ado Bayero a 2015, fina-finai irin su Mansoor na Ali Nuhu a 2017 suka ja jama'a, musamman lokacin sallah. Amma allo ɗaya ko biyu a birni ɗaya ba zai ɗauki masana'antar da ta saba sakin fina-finai kowane mako ba, ga shi sai an raba kuɗin tikiti da mai gida.

Mafitar ta ɓullo daga talabijin, inda aka faro. Africa Magic Hausa ta fara aiki a 2010 tana sayen tsofaffin fina-finai. A 2014 aka buɗe Arewa24, wadda ƙungiyar Equal Access ta kafa da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, a kan tauraron ɗan'adam ba tare da kuɗin wata ba. Daɗin Kowa, da ya fara a 2015, ya zo da abin da kasuwa ta daɗe tana cewa ba zai sayu ba: ba rawa, ba fitattun fuskoki, sai unguwa da malamin tsangaya da ɗan ƙwaya da matar da miji ya bari da yara. Jama'a suka zauna masa. Kwana Casa'in ya biyo da siyasa, Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi da dariya. Marubucin labari, wanda a zamanin kwali shi ne ƙarshen wanda ake biya, ya dawo da daraja, don fim mai dogon zango ba ya tafiya sai da alƙalami.

A 2020, shekarar kullen korona, YouTube ta karɓi ragamar. Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tashar Bakori TV, Aminu Saira ya kawo Labarina a Arewa24 da tasharsa ta Saira Movies. A karon farko mai fim yana iya ganin adadin masu kallonsa da idonsa, har da ƙasashen da suke: Nijar, Gana, Kamaru, Saudiyya, Libiya, Ingila. Ɗan dawunlodin ma ya rage kaifi, tunda abin da zai sata kyauta ne. Sai dai sabon ɗan kasuwar yana Kalifoniya, ba a zuwa shagonsa a yi ciniki. YouTube na biya ne daga kuɗin talla, kuma tallar da aka nuna wa mai kallo a Kano ba ta kai kuɗin wadda aka nuna wa na Landan ba, ko kusa. Shi ya sa shirin da miliyoyi suka kalla kan cika da tallar da furodusa ya nemo da ƙafarsa, ta mai maganin gargajiya, ta mai sayar da filaye, ta kantin atamfa, wani lokaci a tsakiyar zance. Manhajojin gida irin su Northflix da Kallo sun gwada tsarin biya kafin kallo, suna fama da tsadar data da mutanen da suka saba samu a ɓagas.

Manyan kamfanonin duniya kuwa Legas suka sani. Netflix ta zuba kuɗinta a can, Amazon ta shigo ta kuma janye daga ɗaukar nauyin sababbin ayyuka a Afirka a farkon 2024, ba tare da ɗayansu ya yi wata hulɗa ta a zo a gani da 'yan fim ɗin Kano ba. Abin lura shi ne harshen da ake ganin ya killace Kannywood shi ya zama abin nema a wani fagen. Bayan da aka cire fim ɗin Najeriya Lionheart daga gasar Oscar a 2019 saboda Turanci ya yi masa yawa, fim ɗin da Najeriya ta tura a shekarar da ta biyo baya shi ne The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, mai yawan Hausa, wanda Maryam Booth ta ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA da shi. A 2024 aka tura Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura. Ba wanda ya kai zagayen ƙarshe a cikinsu, kuma na farkon ba kuɗin Kano ne ya yi shi ba.

A Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, abin da 'yan masana'antar suka yi murna da shi ƙwarai. Hukumar tacewa ta Kano ita ma ta bi sawun fim zuwa intanet. A watan Mayun 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa ɗan fim ne, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakinsu ba a kawo an tace ba. Furodusoshi suka yi ta zarya ofishin hukumar don a sasanta, domin a tsarin yanzu kuɗin ɗaukar fitowa ta gaba daga ta wannan makon yake fitowa, kuma masu talla ba sa biyan makon da ba a saki komai ba.